Kyanwar riƙo: Yadda mage ke sabawa da sabon gida a ƙasar Bukkuyum

A mafi yawan garuruwan ƙasar Hausa kyanwa ba dabbar kasuwa ba ce kamar akuya ko tunkiya. Kyauta ake bayar da ita, ko aro, ko kuma riƙo, wato mai ita ya damƙa ta ga ɗan'uwa ko maƙwabci ya kula da ita zuwa wani lokaci.

A yammacin jihar Zamfara, inda ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka da Gummi suke, irin wannan riƙo ya samu sabon dalili. Hare-haren 'yan bindiga sun tilasta wa dubban iyalai barin ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa, kamar yadda aka gani bayan kashe-kashen da aka yi a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022.

Iyalin da suka raɓe a ɗaki guda a gidan dangi ba su da wurin ajiye dabba, don haka kyanwar da aka samu damar fitowa da ita sai an nema mata wani gidan.

Sai dai bayar da kyanwa ba shi ne aikin ba, zaunar da ita shi ne aikin. Da yawa sukan ɓace a kwanakin farko, kuma abin da aka yi a makonni 3 zuwa 4 na farko ne ke yanke hukuncin ko za ta zauna.

Me ya sa take gudu?

Kare yakan bi ubangidansa duk inda ya koma. Ita kuwa kyanwa, wadda ake kira mage, ko mussa a karin harshen Sakkwato da Zamfara, shaƙuwarta da wuri tana da ƙarfi ƙwarai.

Masana sun danganta wannan hali da asalinta. Kyanwar gida ta samo tushe ne daga kyanwar daji ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ke farauta ita kaɗai, kowacce da yankinta. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi suka ba da rahoton gano wani kabari a tsibirin Kubrus da ke tekun Bahar Rum, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna kimanin shekara 9,500 da suka wuce. Duk da daɗewar wannan zama, ba ta rabu da ɗabi'ar tsare yankinta ba.

Da hanci take sanin gidanta. Idan tana goga kumatunta da ƙofa ko turmi ko ƙafar mutum, wani ƙamshi take bari wanda ɗan Adam ba ya ji, amma ita yana shaida mata cewa nan wurinta ne.

A sabon gida babu wannan shaida ko ɗaya. Abin da take shaƙa shi ne warin baƙin mutane da kaji da awaki, wataƙila har da na wani muzuru da ya riga ya mallaki unguwar. Don haka da zarar ta samu kafa sai ta nemi hanyar komawa inda ta fito, ko da gidan ya zama kango.

Idan tsohon gidan na kusa takan isa. Idan kuwa yana da nisa, ko akwai gulbi a tsakani, kamar Gulbin Ka ko kogin Zamfara da suka ratsa yankin, sai ta ƙare a daji ko a bakin karnuka.

Amfaninta ga gidan manomi

Ƙaramar hukumar Bukkuyum, wadda ke da sama da mutum dubu 200 a ƙidayar 2006, ƙasar noma ce. Gero da dawa da masara da wake da ake girbewa da kaka su ne abincin gida har wata daminar, kuma a rumbu ko a buhuna cikin ɗaki ake ajiye su.

Ɓera, wanda ake kira kusu a yankin, yana cin hatsin, yana huda buhu, yana kuma ɓata abin da ya rage da kashi da fitsari.

Akwai kuma batun lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969, yana kama mutane ne galibi ta hanyar abinci ko kayan gida da wani nau'in ɓera ya gurɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa a cikin matakan rigakafi a gida, tare da adana hatsi a mazubi mai murfi da zubar da shara nesa da gida.

Saboda haka wanda ya karɓi riƙon kyanwa yana taimakon mai ita, yana kuma tsare rumbunsa.

Wacce ta fi saurin sabo?

'Yar kyanwa ta fi babba saurin karɓar sabon wuri, amma akwai iyaka. Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada a raba ta da uwarta kafin ta cika mako 8. Wadda aka ɗauke da wuri takan yi rauni, kuma madarar shanu ba ta maye gurbin nonon uwa.

Tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne kyanwa ke koyon yarda da mutane. Wadda ta taso ana ɗaukarta a wannan lokaci takan saki jiki cikin 'yan kwanaki. Wadda ta girma a bayan rumbu ba tare da hannu ya taɓa ta ba tana iya zama a gida tana kama ɓera shekara da shekaru, amma ba lallai ne ta taɓa yarda a ɗauke ta ba.

Tsohuwar kyanwa da ta daɗe a gida guda ita ce ta fi wahalar sabo, musamman idan ta fito daga wurin da aka yi harbe-harbe ko gobara.

Yadda ake ɗauko ta

Wasu kan saka kyanwa a buhu su ɗaure baki, da nufin kada ta ga hanya. Rufe ta yana rage mata firgita, amma buhun leda irin na taki ko na shinkafa ba ya shigar da isasshiyar iska, kuma a kan babur da rana tsaka zafi na iya halaka ta.

Kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huhhuda ya fi, a lulluɓe shi da zane mara nauyi. Tafiyar sassafe ta fi ta rana, kuma ba a buɗe murfin a hanya komai kukan da take yi.

Abu mafi amfani da mai ita zai haɗo da shi shi ne tsumma ko buhun da take kwanciya a kai, ba tare da an wanke shi ba, da kuma kwanon da ta saba ci a ciki. Ƙamshin da ke jikinsu ne kaɗai abin da za ta gane a sabon wuri.

Ɗaki guda tukuna

Ƙungiyoyin kula da kyanwa a Birtaniya, irin su Cats Protection wadda aka kafa a 1927, sun daɗe suna amfani da masu riƙo da ke karɓar kyanwa a gidajensu kafin a samo mata mazauni na dindindin. Shawararsu ita ce a fara da ɗaki guda, kuma kada a bar babbar kyanwa ta fita waje sai bayan mako 3 zuwa 4.

A gidan Bahaushe wannan shawara na buƙatar gyara. Tsakar gida a buɗe take, katanga kuma ba ta hana kyanwa hawa, don haka rufe ƙofar zaure ba ya tsare ta. Sai an ware mata ɗaki.

Ɗakin ajiyar hatsi ko na shirgi ya dace, muddin babu maganin ƙwari ko taki a ciki. Sai a toshe kafar da ke tsakanin bango da rufi, a sa wa taga waya.

Zafi kuma abin lura ne. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Zamfara kan haura digiri 40, kuma ɗakin kwano da aka rufe ruf yakan fi waje zafi. Ɗakin ƙasa mai taga shi ya fi sanyi, ruwa kuma kada ya yanke.

Abubuwa 4 ake tanada a ɗakin: abinci, ruwa, maɓuya, da wurin bahaya. Kwali da aka kwantar a gefe ko ƙarƙashin gado ya isa maɓuya. Tsohuwar roba mai faɗi da aka zuba wa yashi ta isa wurin bahaya, a ajiye ta nesa da kwanon abinci, domin kyanwa ba ta ci kusa da ƙazantarta.

Idan an shigo da ita sai a buɗe murfin a fita, a bar ta ta fito da kanta. Ɓuyan kwana 2 ko 3 ba alamar ciwo ba ne. Jawo ta da ƙarfi daga maɓuyarta yana ƙara tsawaita tsoron.

Mutum guda ya kamata ya riƙa kai mata abinci a lokaci guda kullum, ya zauna ƙasa na ɗan lokaci yana magana a hankali, ba tare da ya ƙura mata ido ba, domin a wurin kyanwa ƙura ido barazana ce. Idan ta fara matsowa sai a miƙa mata hannu ta shinshina.

Ana kuma iya goga tsumma mai laushi a kumatunta, sannan a goga shi a ƙofofi da kusurwoyin gida daidai tsayinta, don ta tarar da ƙamshinta idan ta fara zagayawa.

A Ingila akwai tsohuwar al'adar shafa wa kyanwa man shanu a tafin ƙafa wai don ta manta tsohon gida. Likitocin dabbobi sun ce babu hujjar cewa hakan na aiki.

Tsare ta bai saɓa wa addini ba?

Wannan tambaya na da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, kuma hadisin sananne ne ga kusan kowane ɗalibin Islamiyya.

Sai dai hadisin ya bayyana laifin matar, wato ba ta ciyar da kyanwar ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Daga nan ne malamai irin su Ibn Hajar a sharhinsa na Bukhari suka fahimci cewa ajiye kyanwa da tsare ta ya halatta, da sharaɗin a ci da ita a shayar da ita.

Ma'ana dai, wanda ya kulle kyanwar riƙo ya ɗauki nauyin cinta da shanta gaba ɗaya. Idan zai yi tafiya, ko da ta wuni guda ce zuwa kasuwar Gummi ko Nasarawar Burkullu, wajibi ne ya wakilta wanda zai duba ta.

Game da tsarki kuwa, Imam Malik ya kawo ruwayar Abu Ƙatada a Muwaɗɗa, wadda ke nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma ana alwala da ragowar ruwan da ta sha. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, wato Abu Huraira.

Ambaton wannan na da amfani a gidan da ake tsoron baƙar mage saboda camfin aljanu ko maita. Launin gashi gado ne kawai, ƙyallin idonta da dare kuma daga wani fili ne a bayan idon da ke mayar da haske, wanda ke taimaka mata gani cikin duhu.

Me za ta ci?

Kyanwa maciyiyar nama ce. Akwai sinadaran da jikinta ke buƙata waɗanda ba ta samu sai a nama ko kifi, kuma rashinsu na jawo makanta da ciwon zuciya.

A ƙauye tana rayuwa da ragowar tuwo ne saboda tana cike giɓin da ɓera da ƙadangare da fara. Da zarar an kulle ta wannan hanya ta yanke, kuma tuwo ko fura kaɗai ba za su riƙe ta ba.

Ba sai an sayi abincin gwangwani ba. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko kayan cikin kaza, ko guntayen nama daga mahauta, ko dafaffen ƙwai, ana cakuɗa su da ɗan tuwo sau 2 a rana. 'Yar ƙarama kuwa sau 3 zuwa 4.

Albasa da tafarnuwa na lalata jajayen ƙwayoyin jininta, don haka miyar da ta ji su ba abincinta ba ce. Madara na sa manyan kyanwoyi da yawa zawo. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke ta.

Ba a kuma ba ta mushen kaza, domin kyanwa na kamuwa da murar tsuntsaye, cutar da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna.

Akwai masu ganin cewa sai an bar kyanwa da yunwa take kama ɓera. Farauta ɗabi'a ce a jikinta, ƙosasshiya ma tana yi, kuma mai yunwa ita ce ke satar nama a madafa ko ta koma gidan da ake ba ta.

Idan ta ƙi ci sam har kwana 2, a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi, domin doguwar yunwa na lalata hantar kyanwa.

Yara da kaji da muzurun unguwa

Hausawa na yi wa mara cutarwa laƙabi da kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. Kyanwar da ke cikin tsoro ba haka take ba. Idan ta kwantar da kunnuwa, ko gashin bayanta ya tashi, ko ta fara huci, gargaɗi take yi, kuma yaron da ya ja wutsiyarta a wannan hali zai sha yakushi.

Don haka a makon farko yara ba sa shiga ɗakin sai da babba, kuma ɗaya bayan ɗaya.

Manyan kaji ba su cika fuskantar haɗari ba, amma 'yan tsaki da 'ya'yan tattabaru sai an kife su a akurki. Ɓarna a kajin maƙwabta na daga cikin abubuwan da ke sa a kori kyanwa ko a sa mata guba.

Idan akwai wata kyanwar a gidan, ba a haɗa su rana guda. Ana fara musanya musu tsumman kwanciya, sannan su ga juna daga nesa, kowacce da kwanonta.

Lafiyarta da ta mutanen gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce karnuka ne ke yaɗa kusan kashi 99 cikin 100 na ciwon haukan kare ga mutane, amma kyanwa ma na ɗauka, kuma da zarar alamu sun bayyana ga mutum kusan babu tsira.

Ana yi wa kyanwa allurar rigakafi daga wata 3 da haihuwa. Ofisoshin kula da lafiyar dabbobi na jiha, da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na daga cikin wuraren da ake neman bayani.

Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ita kuma a tsare ta a sa mata ido kwana 10.

Mata masu juna biyu su bar wa wani aikin kwashe yashin bahayarta, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa da kan iya illata ɗan tayi. Ƙwayar ba ta zama mai kamuwa sai bayan kwana 1 zuwa 5, don haka kwashewa kullum da wanke hannu na rage haɗarin sosai. Sanƙo-sanƙo a fatarta kuma na iya zama makero, wanda yara ke ɗauka.

Magungunan gida na kashe kyanwa. Ƙwayar farasitamol guda na iya halaka ta, haka ma da yawa daga magungunan ƙuma da kaska da aka yi domin karnuka ko shanu, da fiya-fiya. Gidan da ya karɓi kyanwa sai ya daina sa shinkafar ɓera, domin takan ci gubar ko ɓeran da ya ci ta.

Ƙurar dalma

Akwai wani haɗari da ya shafi wannan yanki musamman. A 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta bankaɗo annobar gubar dalma a ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum da Dareta a Anka, inda yara kimanin 400 suka rasu. Sanadin shi ne niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana daga baya cewa mutuwar agwagi a ƙauyukan alama ce ta farko da ba a fahimta ba.

Kyanwa na birgima a ƙasa, kuma da harshe take wanke jikinta, don haka takan haɗiye ƙurar da ta maƙale a gashinta. Bai dace a kai ta riƙo gidan da ake daka ko niƙa dutsen zinariya ba. Idan kuma dabbobin gida suka fara amai ko farfaɗiya babu dalili, yaran gidan ne ya kamata a fara kaiwa asibiti.

Ranar da za a buɗe mata

Alamun sabo a bayyane suke. Tana ci a gaban mutane, tana tarbar mai kawo abinci da wutsiya a miƙe, tana goga jiki da ƙafarsa, tana barci a sarari.

Fitar farko da safe ake yi, kafin a ba ta abinci. A buɗe ƙofa a bar ta ta fito da kanta, bayan ɗan lokaci a kira ta da ƙarar kwanon da ta saba ji. Ba a fara sakinta da magariba, lokacin da hankalinta ke kan farauta, ko a ranar biki ko hadari. Ƙofar ɗakin kuma a bar ta a buɗe don ta samu wurin gudowa.

Idan tsohon gidan na cikin gari ɗaya, sai a roƙi mutanen can kada su ba ta abinci idan ta koma, su dai aiko a ɗauke ta.

Mayar da amana

Riƙo amana ce, kuma ya fi kyau a yi magana tun ranar farko kan tsawon lokaci, da wanda zai biya kuɗin magani, da kuma makomar 'ya'yan da za ta haifa. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin yana ɗaukar kimanin kwana 63 zuwa 65, kuma takan haihu sau 2 ko 3 a shekara.

Idan mai ita ya koma ƙauyensu bayan watanni, kyanwar za ta sake bin matakan nan ne daga farko, har da zaman ɗaki, domin ƙamshinta ya daɗe da gushewa daga tsohon gidan, kuma wataƙila wani muzurun ya mallake shi.

Shi ya sa idan ta tsufa, ko ta riga ta haihu a gidan riƙo, abin da ya fi mata sauƙi shi ne a bar ta inda ta saba, mai ita ya ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yanta bayan sun cika mako 8.